Binciken bakin aiki ga shugaban makaranta, aiki ne na gaske ko cike fayil?

Malam, na karanta tambayarka har sau biyu. A taƙaice ka ce an ba ka shugabancin makaranta bai kai shekara ba, an tura ku wani kwas, malamin kwas ɗin ya dage sai kowa ya yi abin da suke kira binciken bakin aiki, wato mutum ya binciki aikinsa da kansa don ya gyara shi, ya kuma riƙa rubuta waiwaye kan yadda yake tafiyar da makarantarsa, kai kuma kana ganin duk wannan surutun 'yan jami'a ne, mutumin da ko zama a kujerarsa bai samu ba ina shi ina bincike. Ka ce in gaya maka tsakani da Allah ko abin yana da amfani, ko kuwa ka rubuta musu wani abu kawai ka karɓi satifiket ɗinka ka wuce.

To ni ma haka na ɗauke shi da farko. Na daɗe a kan kujerar nan kafin in koma horar da shugabannin makarantu, saboda haka ba daga takarda kawai nake maka magana ba. Yana da amfani, amma da sharaɗi guda, kuma sharaɗin ne yawancin mutane ke tsallakewa: dole kai kanka ka kasance cikin abin da ake bincika. In ka cire kanka ka mai da shi binciken laifin malamai, gara ma kar ka fara, don ɓata lokacinka za ka yi ka kuma ɓata tsakaninka da su.

Bari in ɗan faɗi asalin abin don ka san ba malamin kwas ɗinku ne ya ƙirƙiro shi ba. Kurt Lewin, masanin halayyar jama'a da ya baro Jamus zuwa Amurka a 1933, shi ne ya yaɗa sunan a wata maƙala da ya fitar a 1946, kuma shi ba ma makaranta ce a gabansa ba, damuwarsa ita ce zaman tsiraru da masu rinjaye a cikin al'umma. Abin da ya kawo shi ne a riƙa tafiya zagaye-zagaye: ka tsara, ka aikata, ka duba me ya faru, sannan ka sake tsarawa bisa abin da ka gani. A 1953 Stephen Corey na kwalejin horar da malamai ta jami'ar Columbia ya shigo da shi harkar makarantu. A Ingila kuma Lawrence Stenhouse ya tsaya kai da fata a shekarun 1970 cewa malami shi ne ya fi cancanta ya binciki ajinsa, daga baya Stephen Kemmis da Robin McTaggart na jami'ar Deakin a Ostiraliya suka jera matakan nan huɗu da nake da yaƙinin an zana muku a allo, tsari, aiki, lura, waiwaye. Duk maganarsu ɗaya ce in ka tace ta: mai yin aikin ya binciki aikinsa da kansa, a wurin aikin, don ya gyara shi. Bambancinsa da furojet ɗin digiri kenan. Ɗan digiri yana so ya ce wani abu game da makarantu gaba ɗaya, kai kuwa abu ɗaya kake so ka gyara a makarantarka kafin zango ya ƙare, ba ka buƙatar babi biyar, ba ka buƙatar raba takardar tambayoyi ɗari-ɗari.

Ga yadda abin ya shige ni. A shekarata ta farko latti ne ya addabe ni. Tsarin da na tarar, na kuma ƙara masa ƙarfi da hannuna, shi ne da an buga ƙararrawa a tura get, malamin da ke kan aiki ya tsaya, duk wanda ya zo bayan nan a tare shi ya yi tsintar takardu a fili har darasin farko ya ci rabi. Latti bai ragu ba. Na ƙara tsawon horon. Bai ragu ba. Na kira mitin na yi faɗa, na ce malamai ba sa tsayawa da gaske, har na fara tunanin rubuta wa iyaye. Bayan mitin wani dattijon malami, wanda ya girme ni a aiki nesa ba kusa ba, ya biyo ni ofis ya ce, "Ranka ya daɗe, ka taɓa kallon get ɗin nan daga waje kuwa? Kullum daga ciki kake kallonsa." Na ji haushi a raina amma ban nuna ba.

Washegari na tsaya can nesa a waje inda yaran ba za su lura da ni ba, na kuma ba maigadi takarda na ce ba suna nake so ba, lokaci kawai, duk yaron da ya shigo bayan ƙararrawa ya ja layi a gaban mintin da ya shigo. Sati biyu muka yi. Da na shimfiɗa takardun a tebur sai ga wani abu da ban taɓa zato ba, bayan ƙararrawa 'yan layuka kaɗan ne, sai wani dogon fili babu kowa, sai kuma layuka cunkus a lokaci guda, kuma lokacin nan daidai yake da lokacin da malamin get ke barin wurin ya tafi ajinsa. Abin da na gani da idona a waje ya fassara min takardar: yaro ya iso da lattin minti uku ko biyar, ya hango an tura get, sai ya raɓe bayan katanga ya jira, wasu har wasa suke yi a wurin, sai malam ya tafi su kwararo. Wato horon da nake taƙama da shi ne yake mai da lattin minti biyar ya koma na rabin awa ko fiye. Ni na gina musu wurin ɓuya ban sani ba.

Sai muka canza abu ɗaya. Duk wanda ya iso cikin minti goma na farko ya wuce aji kai tsaye, a rubuta sunansa, a lokacin hutu malamin ajinsa ya zauna da shi ya ji dalili. Muka ci gaba da jan layin nan na wasu makonni. Cunkoson nan na baya ya watse, na ji daɗi har na fara ba da labari, sai kuma wata sabuwa ta ɓullo, wasu da suke zuwa kan lokaci a da suka ɗauki minti goman a matsayin sabon lokacin shiga. Ka ga dalilin da ya sa ake ce masa zagaye kenan, gyaran farko kusan kullum yana haifo tambaya ta biyu. A zagaye na biyu muka raba sunayen aji-aji, sai muka ga latti ya fi yawa a azuzuwan da malamin darasin farko shi ma ba ya shiga da wuri, yara ai ba wawaye ba ne, sun san ajin da babu abin da za su rasa. Na shirya zan hau malaman nan da faɗa, sai na tambayi kaina to ina suke a wannan lokacin? Suna ɗakin malamai. Me suke yi? Suna sauraron jawabin safe da ni nake yi musu, wanda ya kamata ya zama minti biyar amma in na samu bakin zaren sai in kai ashirin. Wallahi ranar da na gane wannan kunya ta hana ni fita daga ofis na ɗan lokaci.

Abin da ya faru da ni yana da suna a wurin masana. Chris Argyris da Donald Schön sun yi bayani tun 1974 cewa akwai rata tsakanin abin da mutum yake cewa ya yi imani da shi da kuma abin da aikinsa yake nunawa, kuma yawanci shi mai abin ba ya ganin ratar. Ni a baki ina cewa lokacin darasi ya fi komai tsada, a aikace kuwa ni ne babban mai cinye shi. Sun kuma bambanta koyo iri biyu, mai zagaye ɗaya da mai zagaye biyu. Na farko shi ne abu ya ƙi aiki ka ƙara masa ƙarfi, kamar yadda na ƙara horo. Na biyu shi ne ka koma ka tuhumi tunanin da ya sa ka ɗauki wannan hanyar tun farko, wato ka tambaya shin horo a get ma shi ne maganin? Yawancin abin da muke kira gyara a makarantu na farkon ne, ƙarin mitin, ƙarin gargaɗi, ƙarin gwaji, ƙarin fom.

To maganar waiwaye. An ce waiwaye adon tafiya, amma irin wanda ake nufi a nan ya wuce ado, kuma ba littafin koke ba ne. Na sha karanta na mutanen da nake horarwa, shafi bayan shafi "yau malamai sun ɓata min rai", "yau na yi ƙoƙari sosai amma ba a gode ba". Wannan huce haushi ne, yana da nasa amfanin, amma ba ya koya maka komai. John Dewey tun 1910 ya ce tunani na gaske yana farawa ne a inda mutum ya ruɗe, ya tsaya kamar a mararraba bai san ta bi ba. Saboda haka abin rubutawa shi ne abin da ya ba ka mamaki, abin da ka zata zai tafi gabas ya tafi yamma. Schön kuma a 1983 ya raba shi biyu, waiwayen da kake yi kana tsakiyar aiki, kamar kana jagorantar mitin ka lura fuskoki sun mutu ka sauya salo nan take, da wanda kake yi bayan an tashi kana kai kaɗai. Na biyun ne yake kaifafa na farkon.

Hanyar da ta fi yi min aiki daga Argyris na samo ta. Ka ɗauki wata magana mai nauyi da kuka yi da wani, ka raba shafi biyu da layi, a dama ka rubuta abin da kowa ya faɗa kamar yadda kake tunawa, a hagu ka rubuta abin da ke ranka a lokacin wanda ba ka furta ba. Na taɓa yin haka bayan na kira wani malamin lissafi da ajinsa ya faɗi gwaji. A dama na rubuta na ce, "Malam, yaya kake ganin sakamakon nan?" A hagu kuwa abin da ke raina shi ne, wannan malalaci ne, bari in ji wace ƙarya zai yi. Ya fara bayani kan cewa yaran sun zo masa ba su iya rabawa ba, a dama na ce "to, to", a hagu na rubuta, ga uzurin ya fara. Da na karanta shafin da daddare sai na ga ai ban yi masa tambaya ba sam, hukunci na riga na yanke na sa masa rigar tambaya, kuma mutum yana jin wannan a muryarka ko ba ka faɗa ba. Maganar da ya yi ta rabawa abu ne da za a iya gwadawa cikin minti goma sha biyar da tambayoyi biyar a allo, ban ko yi tunanin gwadawa ba saboda na riga na gama da shi a raina. Ka saba wa kanka raba abin da ka gani da abin da ka fassara. "Ya shiga aji bayan minti goma sha biyu" gani ne. "Ba ya son aikinsa" fassara ce.

Akwai wata matsala da ta keɓanci shugaba wadda malamin aji mai binciken ajinsa ba ya fama da ita sosai, kuma littattafan kwas ba sa cika tsayawa a kanta: kai ne mai rubuta rahoton mutanen da kake so su gaya maka gaskiya. Ka shiga ɗakin malamai ka ce ku faɗa min kurakuraina, kowa zai ce babu komai ranka ya daɗe, aiki na tafiya. Ba munafunci ba ne, hankali ne. Don haka sai ka biya kuɗin amana tukuna, kuma hanyar biya ita ce ka fara da kanka a bainar jama'a. Ni abin da na yi shi ne na ba wata malama agogo a mitin na ce ta rubuta minti nawa kowa ya yi yana magana har da ni, a ƙarshe ta karanta a gaban kowa. Da ta karanta nawa aka yi tsit, sai na yi dariya, sai kowa ya fashe. Daga ranar magana ta fara fitowa. Sannan ka yi alkawari ka kuma cika shi, duk abin da aka gani a aji saboda bincike ba zai taɓa shiga fayil ɗin kowa ba, ba zai fito a takardar tuhuma ba, ba zai shafi ƙarin girma ba. Sau ɗaya tak ka karya wannan, shikenan, daga nan darasin nuni za a riƙa shirya maka duk ranar da za ka shiga. Ka kuma nemi wani shugaban makaranta a waje, wanda ba ya ƙarƙashinka ba ka ƙarƙashinsa, ka riƙa nuna masa abin da ka tattara ya yi maka tambayoyin da mutanenka ba za su iya ba. Su kuma yara, ka gaya musu me ake yi, kar sunan yaro ko hotonsa ya shiga rahoton da zai fita daga makaranta.

In malamai sun fara sakin jiki, to ka shigo da su, don a nan ne ribar take. Abu mai sauƙi da nake ba mutane shawara su fara da shi shi ne lokacin jira. Mary Budd Rowe ta yi nazari a Amurka a farkon shekarun 1970 ta gano malamai kan jira kamar daƙiƙa ɗaya ne kawai bayan sun yi tambaya kafin su maimaita, ko su nuna wani, ko su amsa da kansu, kuma da aka tsawaita jiran zuwa daƙiƙa uku ko fiye amsoshin yara suka ƙara tsawo, waɗanda ba sa magana ma suka fara. Wannan malamai biyu da agogo ɗaya sun isa su gwada shi a azuzuwansu, kuma kusan kowa in aka auna shi sai ya rantse ya fi haka jira. A Japan kuma sun fi shekara ɗari suna wani tsari na nazarin darasi, malamai su shirya darasi ɗaya tare, ɗaya ya koyar, sauran su tsaya a gefe suna lura da yaran, ba malamin ba, sannan a zauna a tattauna a gyara darasin. Dabarar tana cikin inda ido yake, tunda darasin na kowa ne babu wanda ake wa shari'a. Kuma kar ka zama mai buɗe taro ya tafi. Viviane Robinson ta jami'ar Auckland da abokan aikinta sun haɗa nazarce-nazarce da dama a 2008 kan abin da shugabannin makarantu ke yi da tasirinsa ga karatun yara, cikin fannoni biyar da suka ware wanda ya fi tasiri shi ne shugaba ya ƙarfafa koyon malamai ya kuma shiga ciki da kansa, tasirinsa ya kai ninki biyu na waɗanda ke biye masa. Ka ɗauki aji ɗaya kai ma, a auna daƙiƙoƙinka.

Sai dai kar ka ruɗi kanka da sakamako, nan ne masu ɗoki ke faɗuwa. Mutane kan gyara aiki don kawai sun san ana kallonsu, abin da ake laƙaba wa sunan masana'antar Hawthorne da ke kusa da Chicago inda aka yi wasu gwaje-gwaje tsakanin 1924 da 1932, saboda haka ka sake dubawa bayan ɗoki ya kwanta, wata guda ko biyu. Na biyu, in ka zaɓi ajin da ya yi mummunar faɗuwa ka yi masa wani abu, akwai yiwuwar ya ɗan tashi a gwaji na gaba ko da ba ka yi komai ba, don sakamakon da ya yi muni fiye da kima yakan dawo kusa da matsakaici da kansa. Kar ka canza abu uku a lokaci guda, ba za ka san wanne ya yi aiki ba. Kuma kar ka dogara da shaida ɗaya, a labarin lattin nan takardar maigadi kaɗai ba za ta gaya min dalili ba, idona kaɗai kuma zai iya yaudarata, sai da na haɗa su biyun da abin da yaran suka faɗa wa malaman ajinsu. Abin da ka samu na makarantarka ne, kar ka tashi a taro ka ce ka gano maganin latti na duniya.

Maganar lokaci kuwa, gaskiyarka, ba ka da shi. Amma ka lissafa awannin da na zubar ina faɗa a mitin kan latti, da waɗanda malamai suka yi a tsaye a get, ka kwatanta da sati biyu na jan layi. Yawancin bayanan ma suna cikin ofis ɗinka yanzu haka, rajista, sakamakon gwaji, littafin sa hannun malamai, ana cika su ana turawa sama ba wanda ya taɓa zama ya karanta su da tambaya a ransa. Tambaya ɗaya a zango ta isa, minti goma na rubutu bayan an tashi sau biyu ko uku a sati ya isa.

Wurin da za ka fi shan wahala shi ne gina tambayar. "Me ya sa malamaina ba su da himma?" ba tambaya ba ce, zargi ne, kuma babu abin da za ka auna a cikinta. Ka gwada irin wannan: in na mai da jawabin safe minti biyar a tsaye, sauran sanarwa na liƙa a allo, malaman darasin farko za su shiga aji kan lokaci? Ka ga a cikinta akwai abin da kai za ka canza, akwai abin da za a ƙirga, kuma tana iya fitowa a'a. Rahoton da za ka kai wa malamin kwas ɗinku ka rubuta shi yadda abin ya faru har da inda ya ƙi, mu masu duba irin waɗannan rahotanni da mun ga wanda komai ya tafi daidai daga farko har ƙarshe mun san a ofis aka zauna aka tsara shi. Ka rubuta tambayarka ka turo min in gani kafin ka fara tattara komai, ina kyautata zaton ta farkon za ta fito da malamai ko iyaye a cikinta babu kai, sai mu zauna mu juya ta.